Tsohuwar katifa a Kano: ina take ƙarewa, kuma wa zai biya kuɗin kwashe ta?

Tun da gwamnatin Legas ta haramta fararen robobin zuba abinci masu kama da soso a watan Janairun 2024, maganar soso da muhalli ta shiga bakin mutane, har wasu suka ɗauka katifa ma na cikin layin abin da za a hana. Ba haka ba ne. Abin da Legas ta hana da abin da ake yin katifa da shi sinadarai ne daban-daban, kuma hanin bai shafi katifa ba. Sai dai tambayar da ta biyo baya tana nan: idan katifa ta gama aiki, ina ake kai ta? A wasu ƙasashe an yi wa wannan tambaya doka sukutum, da kuɗin da mai saye ke biya da cibiyoyin da ke farke katifu. Masu fafutukar muhalli na ganin ya kamata a kwaikwayo tsarin. Kafin a ce e ko a'a, sai an san irin katifar da Kano ke kwana a kai, da hannayen da take ratsawa kafin ta isa bola.

Abin da ke cikin katifar

Yawancin katifun gidajen Kano soso ne zalla da aka sa wa riga. Ana yin soson ne ta haɗa ruwan sinadarai biyu da ake samu daga man fetur, ɗaya ana ce masa foliyol, ɗayan TDI, kuma kamfanonin Najeriya daga waje suke shigo da su. Idan aka gauraya su da ruwa kaɗan sai haɗin ya kumbura ya cika akwati, ya daskare, sannan a yanka shi gwargwadon awon da ake so. Wannan daskarewa ba ta komawa baya. Tsohon bokiti ko silifa ana niƙa su a narkar a zuba sabon kaya, abin da masana'antun roba na Sharaɗa da Dakata suka daɗe suna yi. Soso kuwa ba ya narkewa ya koma ruwan da za a sake zubawa. Idan wuta ta taɓa shi ƙonewa yake yi. Wannan bambanci shi ya sa ɗan gwangwan zai yi ciniki a kan fasasshiyar roba, amma ya wuce ruɓaɓɓiyar katifa ko kallo bai yi mata ba.

Sai batun nauyi. Ana auna ingancin soso da yawan kilon da ke cikin mita ɗaya ta kowace fuska. A ɗauki katifa mai ƙafa shida da shida, kaurin inci 10. Girmanta ya kusa cika wannan mita, amma idan sosonta mai lamba 20 ne, wato kilo 20 a irin wannan mita, duka-duka nauyinta bai wuce kilo 17 ba. Ruwan da zai cika gurbin da ta tare ya kai kilo 850. Ga wanda ke saye da sikeli kuma yake biyan kuɗin mota, wannan kaya ne da ke cinye wuri ba ya kawo kuɗi. A juji ma haka: ba ta dannuwa kamar sauran shara, motar da ta taka ta na wucewa sai ta sake tasowa, ga shi ba ta ruɓewa ta zama ƙasa.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Sake amfani shi ne katifa ta koma wani ɗaki ko wani gida tana nan a katifarta. Gyara shi ne a sauya mata riga, ko a yanke inda ya lotsa a yi ciko. Sake sarrafawa kuwa shi ne a wargaza ta gaba ɗaya, kayan cikinta su shiga wata sana'ar. Kano ta yi nisa a na farko da na biyu. A na uku ne ake da giɓi.

Daga audugar rimi zuwa soso

Matsalar ba tsohuwa ba ce. Kakanninmu sun kwana a gadon kara da tabarma, masu hali kuma a katifar audugar rimi, wasu a katifar buhu da aka cusa wa ciyawa. Idan ta rimi ta daddanne, a farke ta, a shanya audugar a buge ta, a ƙara sabuwa a mayar. Idan ta ƙare gaba ɗaya, a zuba ta a juji, bayan damina ɗaya ko biyu ta zama taki.

Soso ya shigo ne da masana'antu. A nan Kano iyalan Moukarim suka buɗe masana'antar gadajen ƙarfe da kayan ɗaki a 1959, wadda daga cikinta aka samu kamfanin Mouka da ya fara yin soso a Legas a 1972. Vitafoam an kafa shi a 1962, kuma yana da masana'anta a Kano. Bayansu ƙananan kamfanoni suka yi ta ɓullowa, har katifar soso ta zama abin da ba a kai amarya sai da shi. Kowane aure sabuwar katifa ne, wani lokaci biyu, kuma uban amarya da danginta ne ke ɗaukar nauyin. Ko a auren gata da gwamnatin jiha ta yi wa ma'aurata 1,800 a watan Oktoban 2023, gado da katifa na cikin kayan da aka bayar. A haɗa da makarantun kwana, ɗakunan ɗalibai na jami'o'i, asibitoci, otal-otal, da sansanin alhazai. Duk katifar da ta shiga waɗannan wurare, wata rana sai ta fito.

Hanyar da take bi kafin bola

A Kano katifa ba ta tashi daga gadon uwargida ta faɗa juji kai tsaye. Tana fara sauka ɗakin yara, inda fitsarin kwance ke gamawa da tsakiyarta. Daga nan ta koma zaure ko shagon samari, ko a ba mai aiki, ko a aika ƙauye, ko a kai tsangaya sadaka. Idan da sauran ƙarfinta, dillaliya ta ɗauka ta zagaya da ita gidaje, ko ta shiga kasuwar kayan kwance.

Idan ta wuce kwanciya, sai masu sana'a su karɓa. Wanda ya taɓa tsayawa a rumfar mai gyaran kujeru ya ga yadda abin yake: a kwantar da katifar a ƙasa, a farke rigar da reza, a danna soson da tafin hannu daga wannan kusurwa zuwa waccan. Gefe-gefen da jiki bai cika hawa ba yana tasowa da zarar an ɗaga hannu, shi ake yankewa da doguwar wuƙa a yi hannun kushin, ko sirdin babur, ko kujerar adaidaita sahu. Abin da ya ɗan saki a yayyanka shi ƙanana a cusa a filo da tumtum. Gutsattsarin su tafi wurin masu wankin mota da masu wanke-wanke. Tsakiyar kuwa, wadda ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, tana wari, tana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi, ita ake turawa gefe.

Wannan tsakiyar, da guntayen da suka rage bayan an yi yanka, da filon da shi ma ya gama nasa zamanin, su ne ainihin sharar katifa a Kano. Ba su da mai saye, don haka ba su da mai ɗauka.

Inda ragowar ke ƙarewa

Kwashe shara a birni aikin hukumar REMASAB ne, wadda ke kula da ƙananan hukumomin cikin gari da kewaye. A 2021 gwamnatin lokacin ta miƙa aikin ga wani kamfani mai zaman kansa, ba a jima ba aka warware yarjejeniyar, aikin ya dawo hannun hukuma. Ko a wane hannu yake, tsarin ɗaya ne: a tara a bola, a loda a tifa, a kai filin zubarwa irin na Court Road ko Mai Malari, waɗanda galibi tsofaffin ramuka ne da aka haƙa don ɗibar ƙasa. Ba ramukan zamani ba ne masu shimfiɗa a ƙasa da rufi a sama. Saboda haka idan aka ce a rage abin da ke shiga juji, a Kano maganar ta fi shafar abin da ke faruwa kafin a kai can.

Ragowar soso na bin ɗaya daga hanyoyi uku. Wani a jefa shi a kwata ko kududdufi da dare. Soso na shan ruwa ya yi nauyi, ya maƙale a bakin kwalbati, leda da yashi su taru a bayansa, ruwan watan Agusta ya rasa hanya ya shiga gidaje. Duk wanda ya ga abin da ake fitarwa idan ana yashe magudanan da ke zuba a Jakara ya san ba a rasa shi a ciki.

Wani kuma a cinna masa wuta, kuma wannan ne mafi haɗari. Soso na kamawa nan take, yana fitar da baƙin hayaƙi mai kauri da ke ɗauke da iskar da ke kashe mutum idan ya kwana da janareto a ɗaki, tare da wata gubar ta sayanayid, saboda sinadarin naitirojin da ke jikinsa. A lungun da gidaje ke manne da juna, lokacin hunturu da iska ke kwantar da hayaƙi ƙasa-ƙasa, masu asma da jarirai da tsofaffi ne ke fara ji a jikinsu. Dokokin NESREA, hukumar tarayya mai tilasta bin dokokin muhalli wadda aka kafa a 2007, sun hana ƙona shara a fili, amma dokar ba ta ce wa mai katifar ga inda zai kai ta ba.

Hanya ta uku ba a cika kawo ta a lissafi ba. Manoman kewayen Kano sun daɗe suna sayen sharar birni su zuba a gona, da can a mangalar jaki, yanzu a tifa. Da shara toka ce da kashin dabbobi da ɓawon abinci, taki ce mai kyau. Yau sai manomi ya tsince leda da roba, kuma marmashin soso ba ya tsintuwa. Yana gauraya da ƙasa ya zauna.

Yadda wasu ƙasashe suka yi

Jihohin Kalifoniya da Konetikat da Rod Ailan na Amurka sun yi dokar katifa a 2013, Origon ta fara aiki da tata a farkon 2025. Mai sayen sabuwar katifa yana biyan wani ƙayyadadden kuɗi a kan farashi, a Kalifoniya dala 16 ne a 2025, kuɗin ya tafi asusun wata ƙungiya da masu masana'antar suka kafa, ita kuma ta biya masu tattarawa da masu farkewa. Faransa ta ɗora irin wannan nauyi a kan masu kayan ɗaki tun 2013. A can ne ma, a garin Semoy, aka buɗe masana'anta a 2021 don mayar da tsohon soso ruwan foliyol ta hanyar sinadarai, wadda aka tsara ta iya cinye katifu 200,000 a shekara.

Abin lura shi ne dalilan da suka sa tsarin ke tafiya a can. Yawancin katifunsu masu sifirin ne, cike da wayar ƙarfe da ake sayarwa. Zubar da shara kuɗi ake biya, don haka kai katifa cibiya ya fi arha. Ana sayar da katifa da rasit a shagunan da hukuma ta san da su. Sannan katifar na isowa cibiyar da sauran kyanta, domin ba ta ratsa ɗakin yara da zaure da rumfar mai kushin ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya yi daidai da Kano. Wanda ya kafa irin wannan cibiya a Bompai yana jiran lafiyayyun katifu, abin da zai iso masa shi ne wanda kowa ya riga ya ƙi.

Abin da ya fi kusa da hannu shi ne soson haɗi. A niƙa guntaye, a gauraya su da gam na musamman, a matse a cikin akwati da tururi, a fito da dunƙule mai tauri mai launi barkatai. Shi ne ke cikin yawancin katifun da ake sayar wa masu ciwon baya, da shimfiɗar ƙarƙashin kafet. Kamfanonin soso a Najeriya sun san aikin, amma sun fi yin sa da yankakkun sabon soso na masana'antarsu, waɗanda ke da tsabta kuma an san lambarsu. Kafin tsohon soso ya shiga sai an tace, an wanke, an busar, an kashe ƙwayoyin cuta, kuma kowane mataki wuta ne da ruwa da lebura. Wanda ya riga ya marmashe ko haɗin ba ya karɓa. Shi sai dai tanderun siminti mai zafin da ya haura digiri 1,400, inda yake ƙonewa ƙurmus a matsayin makamashi. Amma Kano ba ta da tanderun, na Ashaka da na Sakkwato kuma tafiya ce mai nisa ga kayan da ba shi da nauyi.

Masu cewa a yi doka, da masu cewa a dakata

Masu goyon bayan doka suna kafa hujja da ƙa'idar da NESREA ta riga ta karɓa, wato wanda ya ƙera kaya ya ɗauki nauyinsa har bayan an gama amfani da shi. An fara aiki da ita a kan kayan lantarki da batura da robobin lemo, kuma manufofin ƙasa na 2020 kan shara da kan roba sun jaddada ta. A ganinsu katifa ta fi robar ruwa sauƙin bi, tunda masu yin ta ba su da yawa kuma kowanne na da dilolinsa. Motar da ta kai sabuwa shago za ta iya komawa da tsohuwa maimakon ta koma wayam.

Masu masana'anta da diloli na kallon farashi. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, kuɗin sinadaran da ake shigowa da su ya yi tashin gwauron zabi, katifa ta bi shi. Duk abin da aka ƙara, in ji su, kan uban amarya zai sauka. Suna kuma tsoron rashin adalci: babban kamfani mai rajista zai biya, mai zuba soso a bayan gida ba zai biya ba, sai mai bin doka ya rasa kasuwa. Wannan hujja tana da ƙarfi, kuma masu son dokar ba su cika amsa ta ba.

Akwai rukuni na uku da ba a cika gayyata taro ba: 'yan gwangwan, 'yan jari-bola, dillalai da masu kushin. Su ne ke yin aikin da a Amurka ake biyan kuɗi a yi, ba tare da gwamnati ta kashe ko sisi ba. Abin da suke gudu shi ne a ba wani kamfani lasisin tattara katifu shi kaɗai a kore su. Tsoron ba na banza ba ne, domin Borno ta hana sana'ar gwangwan a 2023 saboda tsaro, Abuja ma ta hana 'yan bola yawo a cikin gari a farkon 2025 saboda satar kayan gwamnati. Ƙorafin da ake yi da wasu daga cikinsu gaskiya ne, amma idan aka rufe hanyar baki ɗaya, katifar da da za ta zama sirdin babur ita ma kwata za ta nufa.

Jami'an lafiya kuma nasu damuwar daban ce. Kuɗin cizo na ɓuya a ɗinkin riga da ramukan soso, yana iya yin watanni bai ci ba, kuma da katifar kwance yake shiga sabon gida. Shanyawa a rana na taimakawa, amma sai zafin ya kai wajen digiri 50 har cikin soson kafin ya kashe shi da ƙwansa, abin da ba kullum ake samu a katifa mai kauri ba. Katifar asibiti da jini ko ruwan jiki ya ratsa kuwa, sharar asibiti ce, bai kamata ta ga kasuwa ba ko kaɗan.

Tsohon soso a sabuwar riga

Nan ne sake sarrafawa ke rikiɗewa ya zama ha'inci. Gyara katifa a sayar da ita a matsayin gyararriya sana'a ce halal, kuma tana rufa wa talaka asiri. Amma a lulluɓe tsohon soso da sabon yadi, a naɗe da leda, a manna tambari a sayar da kuɗin sabuwa, wannan zamba ce, kuma kayan aure ne suka fi faɗawa ciki, saboda ana saye cikin gaggawa kuma ba wanda zai farke rigar katifar amarya ya duba. Sai bayan watanni ta yi rami, a fara zargin juna tsakanin dangi. Akwai kuma sabon soson da ake cika wa garin farar ƙasa don ya yi nauyi a hannu. Shi ma da wuri yake mutuwa, kuma mai kushin ba ya son sa. Kowace katifar da ta mutu a shekara biyu maimakon goma, shara ce ninki biyar.

Hukumar SON ce ke da alhakin ingancin kayan masana'anta, tambarinta na MANCAP kuma shi ne shaidar an duba. Kano na da hukumar kare haƙƙin masu saye ta jiha. Tilasta rubuta lambar soso a jikin katifa, da alamar da ke nuna gyararriya ce, ba ya buƙatar sabuwar masana'anta ko sabon haraji, kuma da alama zai rage shara fiye da yadda cibiyar farke katifu za ta rage a shekarunta na farko.

Abin da zai taɓa mutane

Idan aka sa kuɗin kwashewa a kan sabuwar katifa, magidanci zai ji shi a ranar saye, ba zai ga amfaninsa ba sai in akwai wurin da zai kai tsohuwar a unguwarsu. Idan babu wurin, ya zama haraji kawai. Idan kuma aka bi ta musaya, wato ka kawo tsohuwa a rage maka wani abu, masu saye za su so, amma katifun da ke gangarawa zuwa ga almajirai da masu ƙaramin ƙarfi za su ragu, na kwance kuma su yi tsada. Wannan illa ce da ƙasashen da aka kwaikwayo ba su fuskanta da irin wannan girma ba.

Ga masu sana'a, komai ya rataya ne a kan ko za a sa wa ragowar farashi. Ledar ruwa da robar lemo sun fara raguwa a wasu bololi ne ranar da aka samu masu saye da kilo. Idan asusun kamfanoni ya biya ko kaɗan ne a kan kowane buhun ruɓaɓɓen soso, aka kuma ajiye injin matsewa kusa da inda masu kushin da 'yan gwangwan suke, irin su Ƙofar Ruwa, yaran da ke tura kura za su kawo shi da kansu. Matsewar ce ke sa tifa ɗaya ta ɗauki abin da da sai tifa da yawa.

Wurin da ya fi sauƙin farawa shi ne inda katifu ke fita da yawa lokaci guda: makarantun kwana na gwamnati a ƙarshen zango, asibitoci, ɗakunan ɗalibai. Hukuma ɗaya ce ke saye, ita ke zubarwa, don haka za a iya rubuta sharaɗin kwashe tsofaffi a cikin takardar kwangilar kawo sababbi. A unguwanni kuwa, akwai tsabtar muhalli ta Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, lokacin da motocin shara ke kan titi kuma mutane na gida. Ware mota ɗaya a kowace ƙaramar hukuma don katifu da kujeru a wannan safiya zai nuna yawan abin da ke fitowa daga Dala ko Fagge ko Tarauni a wata, kuma da wannan adadi ne mai son zuba jari a injin niƙa soso zai san ko kasuwar za ta riƙe shi.